Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magabatan Lafiyar Dabbobi Na Jahar Tawa: A Dubi Ƙafar Saniya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin 'yan uwana masu ƙaramin kiwo da ke zaune a gefen garin Tawa na Jamhuriyar Nijar da ƙauyukan da ke kewaye da shi. A cikinmu akwai masu shanun tatsa da ba su wuce uku ko huɗu ba, akwai masu turka da ke ɗaure sa ɗaya suna jiran kasuwa ta yi kyau, akwai masu shanun amalanke da na huɗa, akwai kuma iyayenmu mata da saniya guda ce jarinsu, da nononta suke cefane da sayen sabulu. Ba mu da ƙungiya mai takarda ko hatimi. Majalisar bayan la'asar ce ta haɗa mu, a can kuma aka ɗora mini nauyin rubutu saboda na ɗan taɓa boko.

Ya wajaba mu fara da godiya, domin mun ga amfanin rigakafin kyauta da ake yi kowace shekara, na ciwon huhun shanu da na annobar awaki da tumaki da na raƙuma. Dattawanmu da suka ga zamanin da cuta ke share garke cikin mako guda sun fi kowa sanin darajar wannan aiki. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rigakafi ya zo ya wuce, damana ta zo ta wuce, abin da ya fi raba mu da shanunmu kuwa ba ya cikin lissafin kowa, shi ne ɗingishi da ciwon kofato. Ba ya kashe garke a dare ɗaya, shi ya sa ba a jin labarinsa a rediyo, amma yana ɗauke mana shanu ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawa waɗanda suka fi nono yake zaɓa. Saniya da ƙafarta take ci. Ranar da ta kasa takawa ta bar zuwa kiwo, ta bar zuwa mashaya, nono ya janye, ta rame, ta ƙi karɓar sa, daga nan sai hanyar rundawa.

Mai yiwuwa a ce kakanninmu ba su taɓa yanke wa saniya kofato ba, kuma shanunsu sun rayu. Gaskiya ne, amma kiwon ne ya canza. Kofaton saniya yana tsiro kimanin milimita 5 a kowane wata, kamar yadda farcen mutum ke tsiro. Saniyar da ke tashi daga duwatsun Adar ta bi burtali zuwa Abalak da Cintabaradan, wata ma har Ingal lokacin shan gishiri, ƙasa ce ke goge mata kofato daidai da yadda yake fitowa, ba ta bukatar wuƙar kowa. Tamu kuwa tana ɗaure a turke cikin gida, ko cikin shinge a bayan gari, tana tsaye kan kashi da fitsarinta dare da rana, domin gonaki da filayen gini sun cinye makiyayar da muka sani muna yara. Kofato yana tsiro, babu abin da ke cin sa. Sai ya yi tsawo ya lanƙwashe sama kamar takalmin da ya sha ruwa, wani ma ya hau kan ɗan uwansa kamar almakashi, nauyin saniya ya koma kan dunduniya, ƙasan kofato ya tara jini ya fashe ya zama gyambo. An ƙarfafa mana gwiwa mu yi kiwon gida don a samu nono da nama, mun kuwa amsa, amma ba a haɗa mana da ilimin da irin wannan kiwo yake bukata ba.

Kukanmu na farko, wanda shi ne uwa uba, shi ne rashin mai gyaran kofato da ya koyi aikin, da rashin kayan yin sa. Ku ba ni dama in kawo abin da ya faru a gidana. Ina da wata jar saniya ta Azawak, wadda na rena tun tana maraƙa, ita ce ta fi duk shanuna nono. Bayan haihuwarta ta uku kofaton ƙafarta ta baya ya yi tsawo, ta fara taka ƙasa a hankali tana gantsare baya. Na yi ta cigiyar wanda zai duba ta, kowa na tambaya sai ya ce allura ya iya. Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani bawan Allah da aka ce yana yi wa jakuna da dawaki. Muka taru mu biyar muka kayar da ita da igiya, tana da cikin wata shida, ya ɗora ƙafar a kan kututture ya sare bakin kofaton da adda. Sara ɗaya ya kai ga nama, jini ya ɓalle. Aka zuba baƙin mai aka ɗaure da tsumma. Cikin mako guda ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi ɓari, kafin wata ya cika na sayar da ita ƙasa da rabin kuɗinta, a kan amalanke ma aka ɗauke ta domin ba ta iya tsayuwa. Ban riƙe mutumin a zuciya ba, taimako ya zo yi, kuma iyakar saninsa ke nan. Amma daga ranar na gane cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne da na bincika daga baya sai na tarar aikin yana da ƙa'ida sananniya, ba sihiri ba ne. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Holan mai suna Toussaint Raven ya tsara hanya mai matakai 5 da ake koyarwa a ƙasashe da dama. Ana auna tsawon kofato daga inda gashi ya ƙare zuwa baki, a bar kimanin santimita 7 da rabi ga babbar saniya, a bar wa tafin kofato kaurin da bai gaza milimita 5 ba, a daidaita ɓangarorin biyu su ɗauki nauyi tare, a ɗan rarake tsakiya don kada datti ya maƙale, sannan a cire duk ɓawon da ya saki. Idan ɓangare ɗaya yana da gyambo, sai a manna ɗan katako a ƙarƙashin mai lafiyar, mai ciwon ya rataya bai taɓa ƙasa ba na mako 4 zuwa 6, har ya warke. A kan shanun Turai aka ɗauki wannan awo, don haka ya dace masananmu su gwada shi a kan Azawak da Bororo da Gudali su ba mu namu. Amma ko a haka, duk wanda ya san cewa akwai nama mai rai 'yan milimita kaɗan a bayan ƙahon nan ba zai ɗaga adda ba. Wanda kuma ya lissafa cewa kofato yana bukatar kusan wata 15 kafin ya sake fitowa daga sama har ƙasa, zai san cewa kuskuren minti ɗaya hasarar shekara ce.

Kayar da saniya da igiya shi ma haɗari ne da kansa. Idan ta daɗe kwance a gefe guda cikinta yana iya kumbura, kafaɗar da ta danne tana iya sagewa, mai ciki kuwa tana iya zubarwa. Mu ma ba mu tsira ba, domin akwai ɗan uwanmu da har yau yake jan ƙafa sakamakon harbin sa. Shingayen rigakafi da aka gina suna da amfani wajen jera shanu a yi musu allura, amma ba a yi su don ɗaga ƙafa ba.

Kuka na biyu shi ne yadda kowane irin ɗingishi ya koma magani ɗaya a wurinmu. Ranar Lahadi mutum ya shiga kasuwa ya ce wa mai tebur saniyarsa tana ɗingishi, sai a miƙo masa kwalbar allura ba tare da an tambaye shi wace ƙafa ce ba, balle a ce ya wanke ta ya duba. Alhali kuwa mafi yawan ɗingishin shanu, kusan 9 cikin 10, a kofato yake, galibi kuma a ƙafafun baya, a ɓangaren waje, amma mu sai mu yi ta lalas a cinya da kafaɗa muna ƙona fata a banza. Cututtukan kuma ba ɗaya ba ne. Akwai ruɓewar tsakanin kofato, wadda ta fi yawa da damana: fatar da ke tsakanin yatsun biyu ta jiƙa ta yi laushi, kara ko tsakuwa ko ƙaya ta tsaga ta, ƙwayar cuta da ke cikin kashin shanu ta samu ƙofa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Ana gane ta da kumburi daidai wa daida a kan yatsun biyu, da zazzaɓi, da wari mai tayar da zuciya. Ita ce allurar oksitetarasikilin ko fenisilin ke yi wa aiki, kuma idan an kama ta da wuri ana ganin sauƙi cikin kwana 3 ko 4. Idan aka bar ta kuwa sai ta gangara cikin gaɓa, daga nan magani ya yi wuya.

Amma ƙayar aduwa ko ta kandili da ta shige tafin kofato ta tara mugunya, ko ƙusa, ko gyambon da tsawon kofato ya haifar, ko kaska da ta lafe a tsakanin yatsu, duk waɗannan ko an ƙarar da kwalba goma ba za su warke ba sai an ɗaga ƙafa an wanke an buɗe wurin an cire abin da ke ciki. Akwai kuma ciwon baki da kofato, wanda 'yan uwanmu Fulani ke kira safa ko boru, mai sa dalala da ƙuraje a harshe da hantsa da bakin kofato. Wannan yana bin garke kamar wutar daji, yana kashe maruƙa, allurar kasuwa ba ta kashe ƙwayarsa, kuma bayan ya wuce yakan bar kofato a karkace ko ma ya kwaɓe shi, saniya ta rayu amma ta zama gurguwa. Sai harbin daji, wanda shi ma da ɗingishi yake farawa, da kumburi a cinya ko kafaɗa mai ƙara idan an danna, ya kashe matashin sa mai ƙiba cikin kwana ɗaya ko biyu. Ranku ya daɗe, ta yaya tsohuwar da ke ƙauye za ta rarrabe waɗannan in ba a taɓa zaunar da ita an nuna mata ba? Wanda ya kamata ya killace garkensa yana kai shi mashaya ɗaya da na jama'a, wanda wuƙa kawai yake bukata yana zubar da jikkunansa a kan allura.

Wannan allurar barkatai tana da wani sharri da ya wuce aljihunmu. Kowace kwalba tana ɗauke da rubutun kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci naman dabbar da aka yi wa, allurar da ke daɗewa tana aiki a jiki ma takan kai mako uku ko fiye ga nama. Rubutun da Faransanci ko Turanci yake, mai sayarwa ba ya faɗa, mai saye ba ya tambaya. Da safe a yi allura, da maraice a tatsa a dama fura a ba yara, ko a kai nonon kasuwa. Saniyar da ta ƙi warkewa kuwa ana sayar da ita a yanka maganin yana jikinta. Ba na jin akwai wanda ya fi ku sanin abin da wannan ke jawowa ga lafiyar mutane da kuma ƙarfin magungunan kansu.

Na uku ya shafi wuraren da shanu ke taruwa. Bakin rijiyoyi da famfunan kiwo, da gefen tafkuna irin na Tabalak idan ruwa ya fara ja da baya, da kasuwannin dabbobi da damana, duk sukan zama caɓi har idon sawu, ga fasassun kwalabe da gwangwani da wayoyin ƙarfe. Inda aka yi daɓen siminti ya farfashe, bakinsa ya fi wuƙa kaifi. Saniya mai lafiya ta je shan ruwa ta dawo da cuta. Mun san wannan ya haɗa da magadan gari da kwamitocin rijiyoyi, amma maganarku ta fi tamu nauyi a wurinsu.

Ba za mu ɓoye namu laifin ba. Masu turka da yawa a cikinmu suna ɗura wa sa dusa da hatsi da sauran tuwo lokaci guda don ya yi saurin cika ido, ba tare da isasshiyar harawa ko kara ba, abin da ke sa tumbi ya yi tsami, kofato ya yi zafi ya fito da rauni. Da yawa kuma ba ma kwashe taki daga turke sai lokacin kai shi gona. Masu amalanke su kuma matsalarsu a juye take, domin kwalta da jar tsakuwa suna cinye kofaton takarkari har ya yi siriri, a wayi gari yana taka ƙasa kamar mai taka garwashi, a kuwa ce ƙyuya ce a sa masa bulala. Jahilci ne ya kawo waɗannan, kuma magana ce za ta gyara su, ba kuɗi ba.

Saboda haka muke gabatar da roƙonmu. Muna roƙon a koya wa mataimakan likitocin dabbobi da ke ƙauyuka, waɗanda ke aiki tare da likitoci masu zaman kansu na kusa da makiyaya, aikin gyaran kofato a aikace, wuƙa a hannu, ba a kan allo ba. Ba sai an fara da saniya mai rai ba, domin ƙafafun shanu suna nan a mayanka kowace safiya, a kansu ake koyo a ko'ina. Tsarin mataimakan nan ya riga ya kafu, mutane sun san su, sun yarda da su, ƙari ɗaya kawai ake bukata a jakarsu: wuƙar kofato mai lanƙwasasshen baki ta dama da ta hagu, awartakin datsewa, magagari, da 'yan katakai da abin mannawa. Muna kuma fatan ku yi magana da makarantar horar da ma'aikatan karkara ta Kollo da jami'ar Djibo Hamani da ke nan garinmu, a ba wannan fanni muhimmanci wajen horar da ɗalibai, a kuma yi amfani da garken Azawak na cibiyar kiwo ta Ibesetan wajen fitar da awon da ya dace da shanunmu.

Muna roƙon a samar da akwatin ƙarfe na riƙe saniya a tsaye, mai ɗamarar ciki da igiyar ɗaga ƙafa, ko da guda ɗaya ne a kowace babbar kasuwar dabbobi, a fara da Tawa da Badagishiri da Abalak da Ƙonni. Ba sai an yi odarsa daga waje ba. Masu walda na garin nan da ke ƙera amalanke da ƙofofi za su iya haɗa shi idan an ba su zane, maƙeranmu kuma za su iya ƙera wuƙaƙen idan sun ga samfur. Ba kyauta muke nema ba, a shirye muke mu biya ladan aiki, domin wanda ya taɓa sayar da saniyar tatsa a farashin nama ba zai yi jayayya a kan kuɗin gyaran ƙafa ba. Abin da muke so shi ne a tsayar da farashi sananne, a kuma san ranar da mai aikin yake zama.

Muna roƙon idan lokacin rigakafi ya zo a ƙara mutum ɗaya a cikin ayari wanda aikinsa shi ne ya tsaya a bakin shinge yana kallon tafiyar shanu, ya ware masu ɗingishi, ya rubuta adadinsu, ya shawarci masu su. Shanun sun riga sun taru, motar ta riga ta zo. Da wannan ne za ku samu alƙaluma na gaskiya a kan girman matsalar, maimakon dogaro da kukan mutane irina. Inda kuma aka ga alamar ciwon baki da kofato, muna roƙon a hanzarta ɗaukar samfur zuwa ɗakin binciken lafiyar dabbobi na ƙasa, a kuma sanar da makiyaya sakamakon, domin ƙwayar cutar iri 7 ce a duniya, rigakafin wani iri kuma ba ya kare dabba daga wani.

Game da wankin ƙafa, mun ji cewa ana zuba rabin kilo na shuɗin gishirin tagulla a lita 10 na ruwa shanu su ratsa ta ciki, kuma yana rage ruɓewar kofato. Muna so a nuna mana yadda ake yi da inda za a zubar da ruwan, domin tumaki ba sa jure tagulla, kuma a gidajenmu tunkiya da saniya kwano ɗaya suke sha. Wannan bayani, da na kwanakin jira bayan allura, da na yadda ake rarrabe ɗingishi, muna roƙon a riƙa watsa su a gidajen rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Buzanci kafin faɗuwar damana, a lokacin da mata ke gida suna saurare, domin su ne ke tatsa, su ne kuma ke fara ganin saniya ta canza taku. Masu sayar da maganin dabbobi a tebur kuma a sa musu ido, a wajabta musu faɗin kwanakin jira ga duk wanda ya saya.

Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, mun kuma yi murna da ita, amma saniyar da ba ta iya kaiwa bakin rijiya ba ta da rabo a cikin wannan haƙƙi. Idan kun ga ya dace a fara gwaji a wuri ɗaya, mun yi shawara a tsakaninmu mun amince mu ba da fili a unguwarmu, mu kawo shanunmu, mu kuma zaɓo samari biyu masu natsuwa da za a koya wa aikin. Muna fatan samun amsarku kafin ruwan farko ya sauka, domin daga nan ne turakunmu ke komawa caɓi.

Allah ya ja zamaninku, ya yi muku jagora a kan nauyin da ke wuyanku.

Wassalamu alaikum.

Naku, wani mai kiwo a gefen garin Tawa, a madadin 'yan uwansa masu shanun tatsa, da masu turka, da masu amalanke.